Kunyar Ɗan Fari

Dutsen yana kan Jaratu, ita kuwa tana tsaye a tsakiyar gangare kamar an dasa ta. Matan Garhanga suna ta wuce ta, kowace da nata dutse bisa gammo, suna kaiwa inda ake jerawa don tare zaizayar ƙasa. Hannatu, yayarta kuma shugabar ayarin, ta hango ta, ranta ya ɓaci. Aikin furoje, wannan da ake biya da abinci, aikin taro ne, in layin dutse bai kai inda aka yanka wa ayari ba, babu wadda za ta ga hatsi da man da kamiyo, babbar motar kaya, ke kawowa.

"Ke Jaratu! Mi kike jira? Dutsen ya yi hwiffike ya tashi da kainai?"

Mata suka kwashe da dariya. Jaratu ta ja ƙafa, ko waiwaye ba ta yi ba.

A da ita ce mai bayar da waƙa, sauran su amsa. Sai sanƙarau ya shigo gari da bazara, ya ɗauke Halidu, ɗanta na fari, mijinta Tanko yana can cin rani Abijan. Ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya mutu ba ta yi masa kuka. Ranar da aka fita da gawar, Jaratu ta buɗe baki za ta kurma ihu, Hannatu ta kai hannu ƙarƙashin mayafi ta murɗe mata cinya har ta haɗiye. Gari ya yi ta yabon kunyar gidansu. Hannatu ta sha wannan yabo kamar fura da nono, har yau ba ta ƙoshi ba.

Damina ta zo ta wuce, Jaratu sai lalacewa take yi. Kitsonta ya tsufa ya cukurkuɗe, tuwo ya kwana a kwanonta, barci ya ƙaurace mata. A yi mata magana sai an maimaita. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Da Hannatu ta ga babu zazzaɓi babu kumburi, sai ta yanke hukunci: lalaci ne.

Wata rana Susana ta biyo ta wurin aikin. Kirista ce mai jinyar marasa lafiya a asibitin mishan, ta zo ganin dangi. Ta zauna kusa da Jaratu lokacin hutu, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ja Hannatu gefe.

"Baiwar Allah, ƙanwarki ba ta da lahiya. Ciwon damuwa ne, muna ganin irinsa, kuma ana magani. Ku kawo ta likita. Kahin nan ku zauna da ita, ku bar ta ta yi zancen yaron. Kada ku bar ta ita ɗai."

"Zancen ɗan hwari?" Hannatu ta riƙe haɓa. "Ku can kun sai da kunya kun sayi allura. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mai."

Amma Jaratu ta ji. Kashegari, ana cikin cin ƙanzo a gindin gawo, ta ɗago kai ta dubi matan da ta girma tare da su. Muryarta ta fito a shaƙe, ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Yaya, nan ne yake zama in muna aiki. Halidu. Halidu nawa."

Hawayen farko bai kai haɓarta ba, mari ya riga shi. Hannatu ta ƙara mata a ɗaya kuncin, saboda idon jama'a.

"Marar kunya! Ke ɗai anka taɓa yi wa mutuwa? Innarmu ta rufe nata ɗan hwarin, wa ya ji bakinta?"

Wata tsohuwa ta ce madalla. 'Yan matan ayari suka samu abin wasa, da Jaratu ta gifta sai su langaɓe kai su ce, "Halidu nawa," su tuntsire. Babu wadda ta hana su.

Daga ranar Jaratu ta daina tsayawa a gangare. Ta ɗauki dutse, ta ajiye, ta koma. Layinsu ya kai inda aka yanka, kamiyo ya zo, kowace ta koma gida da rabonta. Hannatu ta riƙa bugun ƙirji, har ta aika wa Susana saƙo da baki: a faɗa wa matar asibiti mari biyu sun yi abin da allurarta ba za ta yi ba.

Ranar Juma'a, da ba a fita aiki, Jaratu ta yi wanka, ta tsefe kai. Ta bi gida-gida tana neman gafara, har gidajen 'yan matan nan masu kwaikwayonta. Ta ba wannan tukunya, ta ba waccan gammo. Daga ƙarshe ta dawo gidan da suke zaune tare, ta shigo ɗakin Hannatu da zanen da Tanko ya aiko mata, wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba. Fuskarta a sake take, har da ɗan murmushi.

"Yaya, ga wanga. Ke ya dace da shi. Ki yahe mani."

"Allah ya yahe muna baki ɗai," in ji Hannatu, daɗi ya cika ta. "Kin gani? Da na biye ma waccan matar, da yanzu kina kwance."

"Haka ne, Yaya. Bari in tahi rijiya."

Hannatu ta warware zanen, ta shinshina ƙamshin sabunta, ta ɗaura, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta fito tsakar gida don ta ga yadda launinsa yake a rana, tana tunanin bikin da za ta fara sa shi. A nan ta ga tulun Jaratu a kife. Gugan gidan kuma yana rataye a bakin rumbu, inda yake kwana. Sai ta gane ba ɗiban ruwa ya kai Jaratu rijiya ba.