Tuban da Baba Haliru Ya Ƙi Yi

Fiddausi ta turo ƙofar maƙwabtanta da kwanon kunu a hannu, sai ta tarar da Abdulwahidu tsaye a kan Baba Haliru, ya saita masa waya a fuska.

Baba Haliru tsohon mai ɗaukar fim ne. Yaran da ya koya wa riƙe kyamara a Kano su ake ji da su yanzu. Ciwon hanta ya kawo shi Kuala Lumpur wurin 'yarsa Rufaida, likitoci kuma sun sallamo shi ya ƙarasa a gida, a wani ɗan bene a unguwar Chow Kit. Abdulwahidu ɗan ƙanwarsa ne, ya zo da saƙon dangi: tsohon ya faɗa a bidiyo cewa ya tuba da harkar fim, a yaɗa, ko mutane sa saki baki su yi masa addu'a.

"Kawu, kalma biyu ce fa."

"Sauke wayar nan. Gawa ake ɗauka daga sama."

Ya sa aka tayar da shi zaune, aka kashe fitila, aka yaye labule. Ya ce Fiddausi ce za ta ɗauka, da wayarta, don ya lura hannunta ba ya rawa in tana zuba masa kunu. Ya sa ta durƙusa har wayar ta zo daidai idonsa, ta matsa hagu, ta ƙara matsawa. Jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi ya taho da ƙara, ya ɗaga yatsa aka jira ya wuce. Abdulwahidu har ya fara murmushi.

"Ni ne Haliru," in ji tsohon. "Ina neman gafarar Allah, zunubaina suna da yawa, Shi ya san su. Kyamara ba ta cikinsu. Da ita na ciyar da ku, da ita na kai iyayenku Makka. Wanda zai yi mini addu'a ya yi wa mai ɗaukar fim."

Abdulwahidu ya biyo Fiddausi har bakin matakala yana lallashi. A yanke ƙarshen kawai, a bar neman gafarar, ai ba ƙarya aka yi ba.

"Malam, ni ban iya yanka ba," ta ce. A gabansa ta tura wa Rufaida bidiyon yadda yake, Rufaida ta tura gida.

Ran Juma'a da hantsi Baba Haliru ya cika. A masallacin Kampung Baru aka sallace shi, ɗaliban da suka zo daga gida da Malayawan unguwa suka cika sahu. Dangi wasu sun kira, wasu sun yi shiru.

Da la'asar Fiddausi ta shiga ta zauna kusa da Rufaida. Wayar Rufaida na ta haske a kan tabarma, saƙonnin yaran da Baba Haliru ya koya wa aiki suna shigowa daga Kano. Ba wadda ta duba. Suka ci gaba da ninke rigunansa.