Gurbi Ɗaya a Akwatin Sifanu

A daren jiya na yi wani mafarki. Na gan ni a kan jirgin ruwan yaƙin da za mu fita sintiri da shi na wata biyar, sai dai tekun yana sama, inda gajimare ya saba zama, jirgin kuma yana zaune a kan busasshen yashi. Kowa na ta harkarsa. Ni ma akwai aiki a gabana.

Aikina a mafarkin shi ne aikina a farke. Ni makanikiya ce a rundunar sojan ruwa, ina gyaran jirgi mai saukar ungulu. Muna da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Kowace sifana da kowace filaya tana da gurbinta a akwati, an yanka soso daidai surarta. In aka gama aiki aka ga gurbi wayam, jirgi ba zai tashi ba sai an nemo abin, don ba a sani ba ko yana cikin inji.

Na buɗe akwatin na duba. Komai na wurinsa. Can ƙasa sai ga wani gurbin da ban san da shi ba, mai kai da hannuwa biyu da ƙafafu a tanƙwashe, daidai jaririya 'yar wata bakwai, kamar tawa. Na taɓa soson na ji da ɗumi.

Shugaban sashenmu ya iso. Wani tsohon bunsuru ne mai tabarau, an ɗinka masa kaki mai hannu huɗu. Ya leƙa akwatin, ya ɗan tauna gefen takardar izinin tashi, ya ce an dakatar da komai.

Sai ga mu a jere, kafaɗa da kafaɗa, muna tafiya a hankali idanu a ƙasa, kamar yadda muke tsince filin jirgi kowace safiya. Wani ya tsinci safar jarirai ƙafa ɗaya. Wani ya tsinci haƙorin da bai tsiro ba tukuna, aka sa a leda aka lanƙaya masa lamba. Ruwan sama ya fara, yana fitowa daga yashi yana hawa zuwa teku. Gaban rigata ya jiƙe, amma ba da wannan ruwan ba.

Bunsurun ya dubi ƙirjina ya ce akwai yoyo, a rubuta a littafin gyara. Na ce masa ba na jirgi ba ne, nawa ne. Ya ce duk ɗaya ne, in rubuta, sannan in je sito in karɓo abin da ya ɓata.

A sito na tarar da Inna, mahaifiyata, a bayan kantar ba da kaya, ta ɗora hular sojan ruwa a kan ɗankwalinta. A bayanta an jera jarirai a kan katako, kowane da takarda a wuyan hannu. Tawa ce ta uku daga hagu, tana tsotsar babban yatsan ƙafarta.

“Me kika zo karɓa?” in ji Inna.

Na ce, “Yarinyar.”

“Wace yarinya? Sito ba ya ba da kaya sai da suna.”

Nan gizo ke saƙar. 'Yar fari ce, mu kuwa a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Wata bakwai daga “ke” sai “yarinyar nan”. Innar da ke tsare ni da tambaya ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba, ga ni har na sa kaki.

Na buɗe baki, sai noti ya faɗo a kan kantar. Inna ta ɗauka ta jefa a gwangwani. Na sake gwadawa, wani notin ya faɗo. Duk faɗuwar noti ɗaya, yarinyar takan ƙara wata ɗaya. Ta yi haƙora biyu, ta yi rarrafe, ta kama katako ta miƙe. A na biyar ta sauko da ƙafarta ta zo ta riƙe zanin Inna, tana kallona irin kallon da ake yi wa mai karanta mitar wuta.

Ta ce, “Inna, wace ce wannan?”

Inna ta ce, “Mai gyaran jirgi ce.”

Yarinyar ta ɗan rusuna ta ce mini sannu da aiki. Na amsa da yauwa, don ban san me ake cewa ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, amma na lura tana da ladabi.

Na ɗauke ta na kai ta akwatin. Ba ta shiga gurbin ba, ta yi masa girma. Bunsurun ya auna da ƙahonsa, ya ce tunda abin bai dace da gurbin ba, ashe ba namu ba ne, a mayar sito. Ya toshe wurin da sabon soso, ya miƙo mini biro na sa hannu cewa kayana sun cika. Farfelar jirgi ta soma juyawa, amma ƙararta ba ta farfela ba ce, wani ƙwal-ƙwal ne siriri.

Cokali ne a kofi. Gari ya waye, Inna na tsaye a bakin ƙofa tana dama madarar gwangwani, wadda muka yi mako biyu muna koya wa yarinyar sha. Tana goye da ita. Jakata na jingine da bango, tun jiya na ɗaure ta.

Na tashi zaune na ce, “Rumasa'u.”

Cokalin ya tsaya. Yarinyar ba ta waiwayo ba, hankalinta na kan kofin.

Inna ba ta dube ni ba. Ta juya mini baya yadda fuskar goyon za ta fuskance ni, ta ci gaba da damu.

Ta ce, “Sake kira. Motar da za ta ɗauke ki sai ƙarfe bakwai.”