Ƙaya a Filin Ƙwallo

Tun da aka ce Wudil za ta karɓi wasu wasannin gasar ƙwallon matasan Afirka ta Yamma, gari ya rabu biyu. Masu suyar kifi a bakin gada har sun fara taƙama, 'yan teburin mai shayi kuwa cewa suke kunya kawai za a sha a gaban baƙi. Haladu, manomin Indabo da aka ɗauka ban ruwan ciyawar sabon fili, shi ya fi kowa shan tsiya. A ƙauyensu cewa ake mutumin da ya tsufa yana kashe ciyawa, yau ga shi yana renonta kamar 'yar auta.

Shi dai ya riƙi aikin da zuciya ɗaya. Da ya ga ciyawar ta fara ja, tausayinta ya kama shi, ya yi abin da kowane manomi zai yi. Ya kwaso takin awakinsa a amalanke ya barbaɗe filin, bai shawarci kowa ba. Ciyawa kuwa ta yi shar. Sai dai akuya ba ta zaɓen abin da take ci. Ba a jima ba tsidau da ƙarangiya suka ɓullo ko'ina, ga masu duba fili na tafe, kuma an ce in suka ga aibu, wasa ya koma wani gari.

Haladu ya kasa cin tuwo. Kora ba ta dame shi ba kamar a ce shi ya jawo wa Wudil abin gori. Matarsa Ikilima ta gaji da ajiyar zuciyarsa, ta ce ya kira gayya mana. Ya ce gayya ta gona ce, wa zai bar aikinsa ya zo cirar ciyawa a cikin ciyawa?

"Malam, ka dai faɗa a masallaci," in ji ta. "Dariya ba ta kisa."

An kuwa yi dariyar, har liman sai da ya kare baki da rawani. Amma washegari Indabo ta fito, maƙwabciyarta Darki ma ta turo nata. Mu'azu, wanda ya fi kowa zolayar Haladu, shi ya zo da makaɗi. Mai kula da filin ya yi faɗansa ya gama, sannan ya hana shiga da fartanya, don haka aka jeru a tsugune daga raga zuwa raga ana cira da yatsa.

Masu dubawa suka zo suka zaga, suka ce fili ya yi. Duk da haka hankalin Haladu bai kwanta ba, don ya san ƙaya ɗaya ta isa.

Ranar wasa wuri ya cika maƙil. Kowa na bin ƙwallo da ido, shi ƙasa yake kallo. Can aka kwashe ƙafar wani ɗan wasan Mali, ya zame da ƙirji a kan ciyawar. Haladu ya ƙura masa ido. Ɗan wasan ya miƙe, ya duba tafin hannunsa, ya goge a wando, ya ruga. Jama'a na ta zagin alƙalin wasa, Haladu kaɗai ke hamdala, hawaye na bin gemunsa.