Igiyar Tsohuwa Burul

"Kutman! Kutman!"

Muryar Meerim har ta dishe, amma ba ta daina kira ba. Mijinta Talant ya ruga wajen motoci, abokinsa da matarsa suna zazzage barguna a cikin tanti karo na uku, sai ka ce yaro ɗan shekara biyu da rabi allura ne. Tsohuwa Burul, uwar Talant, tana tsaye bakin murhu da igiya naɗe a hannu. Tun da aka ce ba a ga jikanta Kutman ba, kogi kawai take kallo.

Da safe igiyar nan tana ƙugun yaron. Burul ce ta saƙa ta da gashin tumaki, taku goma sha biyu. Ta ɗaure ɗaya bakin a turke, ta zazzage masa jakar ƙasusuwan ƙafar tumaki da yaran tsauni ke wasa da su, ya zauna yana jera su, wai dawakinsa ne, wanda aka rina ja shi ne ingarma. Yayarsa Sezim, 'yar shekara huɗu, ita ce mai sayen dawaki. Awa biyu babu wanda ya yi ko tari. Haka Burul ta raini 'ya'ya bakwai a wannan makiyayar, kafin Talant ya kwashe ta ya kai bene hawa na shida a birnin Bishkek ya ajiye kamar tsohuwar tukunya. Bakwai, kuma ko takalmin ɗaya kogin nan bai ci ba.

Sai ga Meerim ta dawo daga ɗaukar hoto ita da baƙinta. Ta yi salati, ta kwance igiyar, ta jefar a gaban tsohuwa, wadda suke kira Apa, wato Inna.

"Haba Apa! Ɗana fa ba akuya ba ne. A gari wannan sai a kira wa mutum hukuma."

Matar abokin ta rufe baki tana dariya. Talant ya duƙufa hura gawayi kamar an toshe masa kunne.

"Talant, a gaban baƙi matarka ta ce na mai da jikana dabba. A gaban baƙin za ta ba ni haƙuri. In ba haka ba, ko shayinku ba zan sha ba."

"Apa, don Allah, hutu muka zo."

"Kai ka zo hutu. Ni gida na zo."

Ba ta sha ba kuwa. Ta zauna ta juya musu baya, tana kallonsu ta wutsiyar ido.

Meerim tana da wasanni har ashirin a rubuce a waya. Aka hura kumfar sabulu, iska ta kwashe. Aka fito da fenti, Kutman ya lashe. Aka kunna musu hoto mai motsi, waya ta mutu. Daga nan aka koma wasan ɓuya. Wasan ɓuya, a kan tsauni, a bakin kogi! Burul ta gani. Ta buɗe baki, ta tuna ba ta magana da su, ta rufe. Wannan rufe bakin ne yanzu yake cin ta kamar garwashi.

Sezim ta rufe ido ta ƙirga goma. Meerim ta juya ta amsa wa matar abokin wata magana. Shi ke nan.

Burul ta damƙo hannun Sezim.

"Ke, a gida in kuna ɓuya, in an kira shi yana amsawa?"

"A'a," in ji yarinyar, tana shessheƙa. "Mama ta ce wanda ya amsa ya faɗi. Kutman bai taɓa faɗuwa ba. Alewa ake ba shi."

Tsohuwa ta miƙe.

"Ku yi min shiru! Ke, rufe bakin nan!"

"Apa, ɗana—"

"Ɗanki yana jin ki. Duk kiran da kike yi, ƙara lafewa yake, yana jiran alewa. Ke kika koya masa."

Ta suri jakar ƙasusuwan ta nufi kogi, gwiwoyinta suna ƙara, sauran na biye da ita kamar tumaki. Ruwan ƙanƙara ne da ya narke daga kan tsauni, fari fat, yana tafe yana mirgina duwatsu. Ko doki sai ya yi shawara kafin ya sa ƙafa. Ta tsaya nesa kaɗan da gaɓa, ta ɗaga jakar ta kaɗa ta, kacau, kacau, ta buɗe murya irin wadda take kiran garke da ita daga wancan kwari.

"Sezim, 'yar albarka, zo nan! Kutman ya tafi. Dawakin nan duk na ba ki!"

Babu komai sai rurin ruwa. Talant ya dafe kai. Burul ta cije. Ta matsa ƙasa taku ashirin, ta sake kaɗawa.

"Har da jan ingarma! Ungo, sa a aljihu, naki ne har abada!"

Daga ƙarƙashin ƙasa, dab da ƙafafunsu, wata 'yar murya ta tsage da kuka.

"Nawa ne!"

Meerim ta zabura. Tsohuwa ta tokare ta da gwiwar hannu a ƙirji.

"In kika taka nan, gaɓar za ta rufta masa."

Ta kwanta rub da ciki, ta ja jiki, ta leƙa. Ga shi tsugune a wani lungu da ruwa ya zaizaye, tsakaninsa da ruwan bai fi kamu biyu ba, takalmi ɗaya babu. Yana ƙoƙarin miƙewa ya zo ya ƙwaci dokinsa.

"Kutman, sarkin dawaki, zauna. Sabon wasa ne, wanda ya motsa ya faɗi. Ingarma zai zo wurinka da kansa."

Ya zauna, yana hararar ta.

Ta ja da baya, ta ɗaura wa Talant igiyar a ƙugu, ta cusa masa jan ƙashin a hannu. Ya zagaya ta inda gaɓar ta yi ƙasa, ya shiga ruwan har cinya, su huɗu suna riƙe da ɗaya bakin. Sau biyu ruwa ya ɗauke masa ƙafa, sau biyu igiyar ta miƙe tana kuka, ba ta tsinke ba. Talant ya fito leɓunansa sun yi shuɗi, yaron a kafaɗa. Kutman ko kallon uwarsa bai yi ba, ingarmansa yake dubawa.

Da aka shanya kaya, aka sake hura wuta, Burul ta koma mazauninta ta juya baya. Ba ta manta ba. Baƙi suna nan, kunnuwansu suna nan, tana jira.

Meerim ta zo ta tsaya a gabanta, idanu jawur, yaron a hannu ɗaya, jiƙaƙƙiyar igiya a ɗaya. Sai ta durƙusa, ta zagaya igiyar a ƙugun ɗanta, ta fara ƙullawa. Matar abokin ta sunkuyar da kai.

Burul ta kalli ƙullin. Ta buge mata hannu.

"Kwance. Wannan zarge ne, in ya ja sai ya shaƙe masa ciki. Shi ne ake yi wa akuya."

Ta kama yatsun surukarta ta bi da su, ta nan, ta ƙasa, a bar wurin yatsa biyu, sannan a ja. Meerim ta kwance ta sake da kanta. Tsohuwa ta sa yatsa ta gwada. Ta zazzage wa yaran ƙasusuwan a kan bargo.

"Talant," ta ce, ba ta ko waiwaya ba, "wai shayin nan sai na roƙa?"