Mai Bakin Cokali

Shekara goma sha tara ina yi wa mijina Thawin tsiya a kan tsuntsuwa ɗaya. Duk ƙarshen damina, da maƙwabta sun fara tura ruwan teku cikin fangalan gishirinsu, shi sai ya bar na bakin gaɓa da ɗan ruwa iya gaɓar yatsa, wai don baƙi daga arewa. Dubban tsuntsaye suke sauka, duk toka-toka, amma ɗaya yake jira: 'yar mitsitsiya mai baki kamar cokali. Shi yake fara ganinta a duk yankinmu na Samut Sakhon, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. Kwana shida yana zaune a kan gaɓa da madubin hangen nesa, ba ya ganin komai sai hazo. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ya daina taɓa soyayyen kifinsa, abin ya dame ni.

Ran na bakwai na ajiye masa shinkafa na fizge madubin.

"Kawo nan, Baban Wilai. Ina bakin cokalin yake?"

"Ke ma kin fara da kuskuren masu zuwa kallo daga Bangkok," in ji shi. "Bakin yana cikin taɓo, ta ina za ki gan shi? Dubi yadda suke ci. Sauran caccaka suke yi. Ita shara take, dama da hagu."

"To, ashe mace ce mai aiki. Shi ya sa ka ƙaunace ta, malalaci."

Ya yi dariya. Na duba har wuyana ya ƙage, masu caccaka kawai nake gani. Har zan miƙa masa kayansa, sai ga wata can gefe ita kaɗai, kai a sunkuye, tana ta shara. Ta ɗago.

"Ga ta! Ga cokalin nan ƙiri-ƙiri!"

Bai karɓi madubin ba. Ya juya fuska inda na nuna, ya dafa gwiwata.

"Ta rame?"

"Ɗan kaɗan. Amma ci take kamar surukinka."

"Bar ta ta ci, daga nesa take." Ya goge ido da gefen rawaninsa. "Kar ki sauke madubin, Lamyai. Faɗa mini, yanzu me take yi?"