Guzan Ogola da Yatsan Aoko

Ƙanena Ogola ganguna yake haɗawa, kuma a nan bakin tafki kowa ya san fatar guza ce ke ba ganga murya. Wata rana ya kamo ɗan guza a cikin kainuwa, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Fatar ba ta isa ta rufe bakin gwangwani ba, sai ya ce zai kiwata shi ya girma. Na ce masa wauta ce. Bai ji ba.

Ya yi masa keji na waya a bayan ɗaki, ya shafe wata uku yana fama. Kullum da hantsi sai ya wanke hannu da toka har gwiwa, ya zura ta ƙofar gefe, ya ajiye a ƙasa kamar icce. Ya jefa tsohuwar rigarsa ciki don dabbar ta saba da warinsa. Abinci kuwa a tsinin kara yake miƙawa. Da fari guzan kumbura wuya yake yi, yana huci yana tsala wutsiya. Sannu a hankali ya fara lasar yatsun Ogola, har ya kai ga hawa damtsensa. Zancen ganga ya mutu. Aka raɗa wa guza suna Dattijo.

Duk wannan bai koya wa matarsa Aoko ko ɗaya ba. Laifinsa ke nan, ba kuma zan rufa masa ba.

Aka yi rasuwa a garin Homa Bay, aka kira shi kiɗan makoki na kwana huɗu. Yana kan babur ya waiwayo ya kira Aoko da sunan garin iyayenta, ya ce, "'Yar Alego, kada ki bar min Dattijo da yunwa!"

Ta ce, "Ni mutum na aura ko ƙadangare?"

Sana'ar Aoko shanya omena ce, ƙananan kifin nan da ake tsince wa ƙasa da yatsu. Kashegari da rana tsaka ta taso daga juya kifi ta nufi kejin. A garinmu ba mai wanke hannu don ƙarnin kifi, hancinmu ya daina jinsa tuntuni. Hancin guza bai daina ba. Ta nemi karan ta rasa, sai ta ɗaga murfin sama ta sauke hannu da kifi a kansa, kamar yadda shaho ke sauka.

Ina gyaran koma na ji ihun. Na iske ta a tsakar gida, guzan ya datse babban yatsanta na dama yana reto, faratansa sun nutse a hannunta, wutsiyar tana dukan cinyarta. Jini na bin gwiwarta yana ɗiga. Mata suka cika gidan da kururuwa. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo! Wannan ba ya saki sai an yi tsawa!"

Kowa ya ɗaga kai. Rani ne, babu ko ɗigon gajimare. Aoko ta dubi sama, ta dube ni, idonta ya yi fari fat.

Maƙwabcinmu Abonyo mai kwale-kwale ya kutso da adda, bakinsa na warin giya. Ya ce, "Ku matsa! Ɗora hannun a kan kututturen nan, 'yar uwa, ki rufe ido. Sara ɗaya ne."

Tsakanin kan guzan da gindin yatsanta bai kai faɗin ashana ba. Hannun Abonyo kuwa rawa yake yi.

Aoko ta ce min, "Yaya, da yatsan nan nake ci. Kada ka bar shi."

Abin da ya faɗo min kawai shi ne wata magana da Ogola ya taɓa yi ina yi masa dariya, cewa tsoro ne ke sa guza riƙo, in ya ga hanyar gudu zai saki.

Na ce, "Abonyo, ajiye addar nan, ko kwakwa ba ka iya sarawa daidai. Ku kuma ku yi mana shiru!"

Na tallafi cikin guzan da buhu don kada nauyinsa ya yage naman. Muka taka zuwa tafki a hankali, ina cewa, "Kada ki ja. Ko ya ƙara matsewa, kada ki ja." Ya kuwa ƙara. Na ji haƙoranta suna haɗuwa.

Muka shiga ruwa har ƙugu. Na sa mutane suka koma can bayan kwale-kwale. Ta sauke hannun cikin ruwa, na zare buhun, muka tsaya kamar turaku. Ruwan ya fara yin ja. Wani kada ya taɓa ɗaukar akuya a wannan mashigi, mu biyun mun sani, ba wanda ya faɗa.

Ta yi raɗa, "Yaya, in bai saki ba fa?"

"To ga Abonyo can."

"Gara na jira tsawa."

Idon guzan ya juya ya kalli faɗin tafkin. Faratan suka sassauta ɗaya bayan ɗaya. Sai bakin ya buɗe, ya kaɗa wutsiya sau biyu, ya nutse ƙarƙashin kainuwa. Aoko ta sulale, na riƙe ta.

A asibiti aka wanke, aka yi ɗinki biyar. Yatsan yana nan, ko da yake ba ya lanƙwasawa sosai.

Ogola ya dawo da gangunansa, ya wuce kowa ya leƙa kejin. "Ina Dattijo?"

Aoko ta ɗaga yatsan da aka naɗe har gaban hancinsa. Ta ce, "Ya ci, ya ƙoshi, ya tafi."

Ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa, "Wata uku kana koya wa dabba halinka, ba ka ɗauki minti uku ka koya wa matarka halin dabbar ba. Rufe bakinka ka je ka juya mata kifin, rana na wucewa."

Ya je.