Maganin Mai Lasifika

Othniel ne ke buga piyano a cocinsu na Samaru. Matarsa Susanna na da cikin fari wata shida, ƙafafunta sun fara kumbura. Ran Talata ya shiga kasuwar Sabon Gari sayen ƙwan lantarki, ya dawo da kwalbar magani baƙi ƙirin da wani mai lasifika ya sayar masa a bayan mota.

"Na gargajiya ne zalla," in ji shi. "Yana sauke kumburi, yana ƙara jini."

Susanna ta jujjuya kwalbar. Hoton zaki ne a jiki, sai lambar waya.

"Maigida, me aka sa a ciki?"

"Ganye."

"Wane ganye?"

"Na daji mana."

Ta jefa kwalbar a jaka, ta ce sai ranar awo.

A asibiti Sista Dinatu ta buɗe, ta sansana, ta rufe da sauri.

"Abin da kika sha, ɗan cikinki ma ya sha," ta ce. "Akwai ganyen da ke tayar da naƙuda tun lokaci bai yi ba. Wannan kuwa ban san me ke ciki ba."

Ta auna Susanna, ta ga jininta ya ɗan hau, ta tura ta wurin likita nan take.

Da ta dawo gida da kwalbar ta faɗa masa, Othniel bai ji daɗi ba. Ya ce ba za a zubar da magani ba, tunda shi ba ciki gare shi ba. Da safiyar Lahadi ya shanye rabin kofi.

Ana cikin baiti na biyu na waƙar buɗe sujada, piyano ya yi shiru. Jama'a suka ƙarasa da baki. Aka hangi Othniel ya nufi bayan coci, yana irin tafiyar mutumin da ke son gudu amma yana tsoron abin da gudun zai jawo. Bai dawo ba har aka tashi.

Da yamma matan zumuntar coci suka cika gidan da kwanukan kunu, don an ce musu ya fita ne saboda naƙudar Susanna. Suka tarar da ita a tsakar gida tana gyaran wake.

"Ni lafiyata lau," ta ce. "Mara lafiyar na ɗaki."

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu Malam, yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Othniel daga ƙarƙashin zane.